KIWON LAHIYA: Aikin baki amana ne

Gaya gari ne na bakin iyaka. Mutane na shigowa daga Malanbil ta Benin, da Kamba ta Najeriya. Ranar kasuwa akan ga mai cire haƙori da awartaki ɗaya. Ya cire ma wannan, ya goge da tsumma, ya kama na gaba. Ta haka ciwon hanta da sida ke iya bin jini su shiga wani.

Saboda haka, duk saurayi ko budurwa da ke koyon aikin kula da baki da haƙora, ya san ya ɗauki amana. Amanar nan kashi 3 ce.

Na 1, tsabta. Ya wanke hannu da sabulu. Ƙarhen da ya shiga bakin wani, sai an wanke shi, an tafasa shi minti 20.

Na 2, koyarwa. Ya nuna ma uwaye yadda ake goge haƙoran yaro da asawaki ko buroshi, sahe da dare.

Na 3, sanin iyaka. Abin da ya hi ƙarhinsa, ya tura shi asibitin Gaya ko na Doso. Wannan ba abin kunya ba ne.

Ga dalili. Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba ne. Ta hi kama yara masu shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Tana farawa da jini a dasashi da warin baki. Sai kunci ya kumbura. Cikin kwanaki kaɗan ta ci nama har ƙashi. In babu magani, yara 9 cikin 10 na iya mutuwa. In an gano ta da wuri, magani na tsai da ita. A Sakkwato an buɗe asibitin yara masu noma a 1999. A Disamba 2023, Hukumar Lahiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka daɗe ana sakaci da su.

Ma'aikacin da ya auna yaro bai buɗe bakinsa ba, bai cika aiki ba. Manoma da makiyaya na da haƙƙin su ce masa: "Malam, a duba bakin yaron nan."

Riga-kahi ya hi magani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.