Lissafin Daidaito: Darasin Da Ke Kafaɗar Ɗan Garuwa

Daga cikin darussan Fiziks da ke ba ɗaliban ajin farko wahala a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantu akwai lissafin daidaito, wato gano dalilin da ya sa abu yake tsayawa cik, ba ya faɗuwa, ba ya juyawa, alhali kuwa nauyi yana danna shi. Ra'ayina shi ne, yawancin wahalar nan daga hanyar gabatar da darasin take. Ana kawo wa yaro shi cikin baƙon harshe da baƙin misalai, sai ya haddace ƙa'ida bai san abin da take nufi ba. Ga shi kuwa ilmin yana nan a titunan Samaru da Sabon Gari.

Ƙa'idojin guda biyu ne. Ta farko: jimlar ƙarfin da ke danna abu ƙasa dole ta yi daidai da ƙarfin da ke tallafe shi. Ta biyu: abin da ke neman juya shi dama dole ya yi daidai da abin da ke neman juya shi hagu. Wannan ƙarfin juyi ana samun sa ne idan aka ninka nauyi da nisansa daga madogara. Arkimidis, masanin nan na ƙasar Girka, ya bayyana haka tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, mu dubi ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa. A ce tsawon sandar mita ɗaya da rabi ne, garwar gaba cike take da ruwa kilo 18, ta baya kuwa an sayar da rabi, saura kilo 9. Mu ajiye nauyin sandar da na garewanin a gefe. Ƙa'ida ta farko ta ce kafaɗarsa tana ɗauke da kilo 27. Ta biyu ta ce sai ya sa kafaɗar rabin mita daga cikakkiyar garwa, mita ɗaya daga ɗayar, domin 18 sau rabi 9 ne, 9 sau ɗaya ma 9 ne. In ya sa ta a tsakiya, gaba ta rinjaya, ruwa ya zube. Ɗan garuwa ba ya rubuta wannan lissafi, amma yakan gusa da sandar har ta zauna. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane hanyar warware kowace tambaya irin wannan: ya zana abin, ya nuna kowane nauyi da inda yake, ya zaɓi madogara, sa'an nan ya daidaita ɓangarorin biyu. Dabara kuma ita ce ya ɗauki madogararsa a daidai inda ƙarfin da bai sani ba yake, domin nisansa ya zama sifiri, ya fita daga lissafin juyi.

Misali na biyu ya fi wannan girma. A cikin birnin Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan faɗin ya wuce kimanin mita 2. Ta yaya aka rufe fili mai faɗi haka? Da bakan gizo. Magini yakan kafa azara daga bango biyu masu fuskantar juna, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a ɗaure su da igiya, a binne gindinsu cikin bango mai kauri. Nauyin da ya leƙo waje yana neman juya azarar ƙasa, nauyin ginin da ke danne gindinta yana hana ta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ƙa'idar ɗan garuwa ce dai, sai dai a nan rayukan masallata ne a ƙarƙashi.

Wani zai ce ai magini ba ya ƙidaya, kuma jarrabawar WAEC da ta JAMB da Turanci ake yin su. Gaskiya ne. Ba wanda ya ce gwanintar hannu za ta maye gurbin lissafi, domin lissafin ne ke gaya wa injiniya ko gini zai tsaya tun kafin a aza tubali. Amma wanda ya san abin da ake aunawa ya fi wanda ya haddace alamomi saurin koyon sunansa da wani harshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa a nan ita ce tazarar da ke tsakanin abin da yaro ya sani a gida da abin da ake rubuta masa a allo.

A nan ne aikinmu yake, mu ɗaliban Hausa. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya ba mu kalmomin nazarin harshe da adabi. Kalmomin wannan fanni ma ba sai an ƙago su duka ba. Rinjaye, madogara, tallafi, ginshiƙi, ɗaurin guga, duk suna bakin jama'a. Sauran kuwa suna bakin tsofaffin magina, waɗanda siminti ke ta rage musu aiki da almajirai. Kowane gwani ya kwanta dama, da kalmominsa yake tafiya.

Saboda haka ina kira ga masu neman batun kundin digiri su sauka cikin birni su zauna da magina, su rubuta sunan kowane sashe na bakan gizo da aikinsa. Daga nan su tsallaka Sashen Fiziks da na Zanen Gine-gine, waɗanda ke harabar nan tamu ta Samaru, a tantance wace kalma ta dace da wace ƙa'ida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka fitar da ɗan littafi ko da mai shafi 20 ne, malamin sakandare zai sami abin da zai fara darasin da shi kafin ya koma Turanci. Allah ya sa mu dace.