Farfaɗiyar yara: shirin duniya na 2031 da abin da ke hannun iyaye

A watan Mayun 2022, ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ɗaya daga cikin burikansa shi ne kafin 2031 a ƙara yawan masu farfaɗiya da ke samun kulawa da kashi 50 cikin ɗari a kan yadda yake a 2021.

Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya daina faɗuwa idan an gano cutar aka ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samun maganin.

A yankinmu, yawancin abubuwan da ke illata ƙwaƙwalwar yaro sanannu ne: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa. Shi ya sa rigakafin sanƙarau na Men5CV, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen shekarar, suke kare ƙwaƙwalwar yara ma.

Sai dai babban giɓin yana tsakanin gida da asibiti. Yara da yawa sai an shekara ana hayaƙi ana cewa iska ce kafin a kawo su, wasu ma an cire su daga makaranta saboda tsoron miyau. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa.

Mutane na zaton sai da na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, wato EEG, ake gano cutar. Na'urar tana taimakawa, amma likita ya fi dogara da bayanin wanda ya gani da ido: yadda abin ya fara, minti nawa ya ɗauka, ko akwai zazzaɓi, da halin yaron bayan ya farfaɗo. Bidiyon waya yana da matuƙar amfani. Jijjigar zazzaɓi ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yawanci ba farfaɗiya ba ce, amma dole a nemo musabbabin zazzaɓin. Likita zai kuma tambayi girman yaron. Wanda bai zauna ba a wata 9, ko bai yi tafiya ba a wata 18, yana buƙatar a duba shi.

Idan jijjiga ta taso, a kwantar da yaro a gefensa, a nisanta shi da wuta da ruwa. Kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Magunguna irin su fenobabiton da kabamazefin sun daɗe ana amfani da su, amma dakatar da su kwatsam na iya jawo jijjiga mai haɗari. Haƙƙin gwamnati ne ta tabbatar ba sa yankewa a asibitocin karkara. Iyaye kuma su kawo yaro tun faɗuwar farko, kada su rage ko su daina magani sai likita ya ce.