Ruwa ɗaya ne, binciken ma ya zama ɗaya

Duk safiya ina jiran bato a tashar Treichville, ina kallon tafkin Ebrie. Da yawanmu ba mu san cewa ta mashigin Asagni wannan ruwan yana haɗe da kogin Bandama ba. A kan kogin nan aka gina madatsar Kossou a 1972, da ta Taabo a 1979, ga kuma ta Singrobo-Ahouaty.

Wuta muna so, ba gardama. Amma madatsa tana tare yashi, tana rage ƙarfin ambaliyar da ke buɗe bakin kogi. Ku dubi Lahou-Kpanda, inda Bandama ke shiga teku: ruwa ya ci gidaje, ya ci maƙabarta, har mutane suka tono 'yan'uwansu suka sake musu makwanci. Nawa ne laifin madatsun, nawa ne na teku? Amsar ba ta hannun ofishi ɗaya.

CI-Energies ta san ruwan da ake saki. SODEXAM na da lissafin damina. CIAPOL na auna ƙazanta. Cibiyar binciken teku ta CRO kuwa ga ta nan Treichville. A ganina, gwamnati ta zaunar da su teburi guda, da jagora guda, a fitar da rahoto guda kowace shekara, a zaunar da masunta tare da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma 'yan Adjamé da ruwanmu a ciki. Wani kaso na kifin da muke saye, da na wutar shagunanmu, daga ruwan nan yake.