Maganin Daji Mai Ƙarfe Da Matsalar Ƙoda A Kwarin Haɗejiya

Ɗaya daga cikin magungunan da likitoci suka fi dogaro da su wajen yaƙar cutar daji, da ƙarfen filatinam ake haɗa shi. Sunansa cisplatin. A shekarar 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan ya gano cewa sinadarin yana hana ƙwayoyin halitta rabuwa, Amurka kuma ta amince da shi a 1978. Aikinsa shi ne ya maƙale wa ƙwayar gado ta ƙwayoyin daji har su kasa yaɗuwa. Ana ba da shi ga masu dajin bakin mahaifa, da na maraina, da na mafitsara.

Dajin mafitsara barazana ne ga Auyo da ƙauyukan da ke gaɓar Kogin Haɗejiya. Manomin rani da masunci kullum suna cikin ruwa, inda dodon-koɗi ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa tsargiyar da ta daɗe a jiki tana iya rikiɗewa ta zama dajin mafitsara. Fitsarin jinin da ake ɗauka kamar alamar balagar yaro, wani lokaci shi ne mafarin ciwon.

Sai dai cisplatin yana illata ƙoda. Kafin a ba da shi sai an auna ƙarfin ƙodar majinyaci, a kuma yi masa ƙarin ruwa mai yawa. Yankin Haɗejiya kuwa ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, har ta kai an buɗe sashen wankin ƙoda a Babban Asibitin garin. Majinyacin da ya sayar da shinkafarsa ya tafi Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika a Zariya, yana iya tarar da cewa ƙodarsa ba za ta jure maganin ba. Akwai carboplatin da ya fi sauƙi ga ƙoda, amma a dajin mafitsara bai kai cisplatin ƙarfi ba.

Saboda haka aikin da ke gaban gwamnatin Jigawa ya fara tun daga asibitocin karkara: raba praziquantel ga yara da manoma a kai a kai, da sanya gwajin ƙoda da na fitsari cikin ayyukan yau da kullum. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na jinyar daji ba, kuma shi ne zai sa majinyacin da ya isa Kano ya iya karɓar maganin.