A koya wa na'ura jerin baƙaƙen Hausa

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san bayan b sai ɓ, bayan d sai ɗ, bayan k sai ƙ. Da wannan jeri ne ake neman kalma cikin ƙamus, da shi ne kuma magatakarda yake neman suna cikin littafin haihuwa. To, yau aikin jera sunaye ya koma hannun na'ura mai ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta zauna ajin kowa ba.

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Cikin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, a tana 97, z tana 122. Amma ƙ tana 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. In mai tsara aikin na'ura ya bar ta ta jera bisa lamba kaɗai, ƙasa za ta zo bayan zuma, ɓera kuma bayan ƙasa. Yaron da sunansa ya fara da Ɗ zai duba bayan D cikin jerin waɗanda suka ci jarrabawa, bai ga kansa ba, ya koma gida da hawaye, alhali sunansa na can ƙarshen takarda.

Wani zai ce ai na'urorin ma'aikatunmu an saita su bisa Faransanci, ba bisa lamba ba. Gaskiya ne hakan ya fi dama. Sai dai Faransanci bai san sh da ts kowanensu harafi guda ne ba. A wurinmu suna na zuwa kafin shanu, tuwo kafin tsuntsu. Jerin Faransanci yakan juya su.

Wannan wahala ba ta Hausa kaɗai ba ce. Mutanen Suwidin suna ajiye ö bayan z, Jamusawa kuwa tare da o. Shi ya sa masana suka tanadi cewa a fara gaya wa na'ura harshe da ƙasa kafin ta jera. Ƙa'idar Hausa tana cikin kundin CLDR na ƙungiyar Unicode, kuma alamar Hausar Nijar ita ce ha da NE. Har ma an haɗa ƴ ɗinmu da 'y na Nijeriya wuri guda. Ke nan kayan aiki na nan, amfani da su ne ba a yi.

Tun 1999 hukuma ta tsai da ƙa'idar rubutun Hausa, a 2025 kuma aka ɗaga ta ta zama harshen ƙasa. Saboda haka, a ganina, kada wata ma'aikata ta biya kuɗin wani tsari na na'ura sai an gwada shi gaban wanda ya sayar. Gwajin ba shi da wuya: a rubuta zuma, ƙasa, shanu, ɗaki, suna, ɓera, a ce ta jera. In ba ɓera ta sa a farko ba, zuma a ƙarshe, suna kafin shanu, a maida masa kayansa ya gyaro.