Kafin A Yafe Wa Masu Zuba Jari Harajin Gidaje A Kuru

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Bukuru ta ratsa Kuru zuwa Mararrabar Jama'a zai ga filaye da aka zagaye da katanga, an sa ƙofar ƙarfe, an rubuta da jan fenti cewa ba na sayarwa ba ne, ciki kuwa ciyawa ta kai ƙugu. Irin waɗannan filaye ake nunawa idan an zauna zancen jawo masana'antu zuwa Jihar Filato. Masu goyon bayan sassauci suna cewa fili kango ba ya biyan ko sisi, don haka gara a yafe wa mai kuɗi harajin gini na wasu shekaru ya zo ya kafa kamfani, matasa su samu aiki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma mu ba mu yarda a yi yafiyar a buɗe ba, kuma ga dalilanmu.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin tantance gidaje domin karɓar harajinsu, bisa ƙa'idar da majalisar dokokin jiha ta tsara. Kuɗin ƙasa da takardar mallakar fili a birni kuwa suna hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978. Ke nan harajin gidaje na cikin 'yan hanyoyin samun kuɗin da Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, wadda Kuru ke cikinta, za ta kira nata na kanta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, kuɗin Abuja ne, yau su hau gobe su sauka. Da me za a kwashe shara, a gyara asibitin unguwa, a yi kwalbati? Mai kayan miya da ta shimfiɗa buhu a bakin titi tana biyan kuɗin rasit kafin ta yi cinikin fari. Ba mu ga adalcin da zai sa a bi ta da rasit a ɗauke wa mai katafaren gini ba.

Mutanen Kuru sun san baƙin masu jari tun kafin a haifi yawancinmu. Kamfanonin Turawa sun haƙi kuza a ƙasar Birom shekaru masu yawa, dokar mulkin mallaka ta mayar da arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnati, manomi ya rasa gonarsa. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, abin da ya rage shi ne tulin jar ƙasa da kududdufai masu zurfi, wasu suna cin rayukan yara. Yau manoman rani ne ke kafa injin ban-ruwa a bakinsu suna fitar da kabeji da karas da tumatir, ba tare da wani ya yafe musu komai ba.

Kuma a tuna abin da ya riƙe waɗancan kamfanoni a nan. Ban da kuzar kanta, akwai jirgin ƙasa da ya iso Jos a 1927, da wutar kamfanin NESCO da aka fara samarwa daga ruwan Kurra wajen 1929. Daga tashar Kuru ne layin dogo ya rabu ya nufi Bauchi da Gombe har ya kai Maiduguri a 1964. Mai jari na yau ma tambayoyinsa ba su wuce waɗannan ba: akwai wuta? Takardar filin tana da rikici? Ma'aikatana za su kwana lafiya? Garin da ya ga kashe-kashen da aka yi a Kuru Karama a Janairun 2010 ya san cewa tambaya ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, kuma rangwamen haraji ba ya amsa ta.

Ko a Amurka an sha ɗacin yafe haraji bisa alkawari. A 2017 jihar Wisconsin ta yi wa kamfanin Foxconn alkawarin sassauci na kusan dala biliyan 3 kan zai ɗauki ma'aikata 13,000. Da aka sake yarjejeniyar a 2021, adadin ya koma 1,454, bayan an tashi mutane daga gidajensu an kashe maƙudan kuɗi wajen shirya fili. Gwamnatin tarayyarmu ma ta sauya salo: dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta maye gurbin tsohon hutun haraji na sababbin masana'antu da rangwamen da ake lissafawa bisa jarin da kamfani ya kashe a zahiri.

Wannan hanyar muke so a bi. Kada a yafe wa kowa don ya yi alkawari. Sai ya gina, injina sun tashi, an ƙirga 'yan yankin da ke karɓar albashi, sannan a rage masa na wa'adin da aka rubuta, idan ya rufe kafin lokaci ya biya abin da aka ɗauke masa. Wanda ya fi cancanta a ganinmu shi ne mai cike ramin kuza ya mayar da matacciyar ƙasa wurin aiki, domin ya ɗauki nauyin da gwamnati ta kasa. Mai katanga da ciyawa yana jiran fili ya yi tsada kuwa, ƙarin haraji ya dace da shi.

Kafin duk wannan, ciyaman da kansiloli su fara ƙidaya gine-ginen Kuru da ƙimarsu, su liƙa rajistar a sakatariya da ke Bukuru. Cibiyar NIPSS tana nan Kuru tun 1979 tana horar da manyan masu tsara manufofin ƙasa. A nemi taimakonta wajen aikin. Sannan duk wata yarjejeniyar yafiya a karanta ta a zauren majalisar kansiloli, hakimi da masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa suna zaune suna ji.