Husufin wata: 'Yan ci-rani, ku aiko da ƙafar kyamara

Ranar 27 ga Yulin 2018 wata ya yi minti 103 a cikin cikakken husufi, mafi tsawo a wannan ƙarni, kuma an gan shi a Nijar. Sai dai hotunan da suka fi yawo a WhatsApp na wasu ƙasashe ne, wasu ma na bogi.

Abin takaici ne, domin duhun ƙauyukan Madawa, Buza da Keita ya fi na Yamai ko Abijan dacewa da wannan aiki.

Matasa na roƙon 'yan'uwa da ke waje waya mai tsada. A ganina kuskure ne. Idan wata ya yi ja, haskensa na raguwa ƙwarai, motsin hannu kaɗan sai ya ɓata hoto. Abin buƙata shi ne ƙafar kyamara mai ƙafa uku, tsohuwar kyamara mai madubin milimita 300, a kashe filasha, a buɗe ta kamar daƙiƙa ɗaya.

Wani cikakken husufin na tafe daren 26 ga Yunin 2029. A fara gwaji da watan goma sha huɗu, a saman duwatsun Adar.